Ga masu karanta wasannin alhini na Girkawan da

'Yan'uwa ɗaliban adabi, in kun ɗauki wasan Girkawa za ku karanta, ku fara da sa alamar fensir a duk inda 'yan amshi suka yi waƙa. Waƙoƙin nan su ke raba wasan kashi-kashi: gabatarwa, sai 'yan amshi su shigo da waƙa, sai fitowar 'yan wasa da waƙa suna bin juna har zuwa fitar ƙarshe. Da kun yi haka, ƙashin bayan wasan zai fito muku fili.

Sannan ku nemi abu biyu da Aristotal, masanin falsafa na Girkawan da, ya fi ba muhimmanci a littafinsa kan fasahar waƙa: inda al'amari ya juye, da inda jarumi ya gane gaskiya. Ku duba wasan Sarki Odifus da Sofokilis ya rubuta. Manzo ya zo daga Korinti don ya kwantar wa Odifus hankali kan duban da aka yi masa cewa zai kashe ubansa, ya auri uwarsa, ya ce masa Folibus, sarkin Korinti da ya rene shi kuma ya rasu, ba shi ya haife shi ba. Maganar da aka kawo don ta cire tsoro ita ce ta kai shi ga gane cewa ya kashe ubansa, ya auri uwarsa. Juyewa da ganewa sun zo tare, kuma Aristotal ya ce wannan ne mafi kyawun tsari. Ni ma na yarda, domin a nan tausayi da tsoro suke kama mai kallo lokaci guda.

Don Allah kada ku tsallake waƙoƙin saboda tsawonsu. Ku karanta su da murya, a hankali.