Yadda Ake Tsara Zanen Bayani Kan Littattafai da Tarihi

Zanen bayani shi ne hoto guda wanda aka haɗa taƙaitaccen rubutu da shekaru da alƙaluma da layuka a cikinsa, wani lokaci har da taswira, domin mai kallo ya fahimci wani al'amari ba tare da ya karanta shafuka masu yawa ba. Mutumin da ba zai buɗe doguwar maƙala a wayarsa ba, sau da yawa yakan tsaya ya dubi hoton da aka turo a zauren WhatsApp, kuma idan ya burge shi sai ya tura wa wasu. Wannan babbar dama ce ga malaman makaranta da masu son littattafai da ɗaliban tarihi. Sai dai akwai abin da ya kamata mai tsarawa ya riƙe tun kafin ya fara: hoto yana rabuwa da mai shi. Da zarar ya bar hannunka, zai isa wurin mutanen da ba su san ka ba, ba su ga bayanin da ka rubuta a ƙarƙashinsa ba, kuma ba su da hanyar da za su tambaye ka. Saboda haka duk abin da zai sa a amince da shi, da duk abin da zai hana a yi masa mummunar fahimta, dole ne ya kasance a jikin hoton kansa.

Matakin farko ba a gaban kwamfuta ake yin sa ba, a kan takarda ake yi, kuma shi ne zaɓen tambaya guda ɗaya wadda zanen zai amsa. "Tarihin adabin Hausa" ba tambaya ba ce, kogi ne, kuma wanda ya ce zai zuba shi a hoto ɗaya zai ƙare da cunkoson ƙananan haruffan da ba mai karantawa. Amma idan ka ce, "Ta yaya rubutun ƙagaggun labarai na boko ya kafu a Zariya?", to ka sami abin da za a iya zanawa. Sai ka jera abubuwan da suka amsa tambayar: gasar rubutu ta 1933 wadda Rupert East ya jagoranta, fitowar littattafan da gasar ta haifar tun daga 1934, irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, wadda Abubakar Imam ya zama editanta, kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sannan kamfanin buga littattafai na NNPC a 1966. Matakai biyar ke nan, kuma sun ishi zane guda. Duk wani abin da ka sani bayan waɗannan, komai daɗinsa, ka ajiye shi domin zane na biyu.

Bayan jera bayanan sai tantance su, kuma a nan ne ya kamata a ɓata mafi yawan lokaci. Kada ka ɗauki shekara daga wani hoton da ka gani yana yawo, domin ta haka ne kuskure ɗaya yake haihuwar ɗari. Ka nemi kowace shekara a wurare biyu waɗanda ba kwafar juna suka yi ba, kuma zai fi kyau ɗayansu ya zama bugaggen littafi ko kundin digiri. Idan ka tarar da saɓani, kada ka yi gaggawar cewa ɗaya ya yi kuskure, domin sau da yawa kowannensu wani abu daban yake nufi. Kwalejin Katsina misali ce mai kyau: za ka ga 1921 a wani wuri, ka ga 1922 a wani wuri, alhali a 1921 aka fara karatu, a 1922 kuma Gwamna Hugh Clifford ya yi bikin buɗe ta. Mai zane nagari zai rubuta "an fara karatu" ko "an yi bikin buɗewa" kusa da shekarar, kalmomi uku ko huɗu kawai, amma sun kashe gardama tun ba ta tashi ba.

Tsofaffin shekaru suna buƙatar ƙarin hattara. Ana yawan rubuta cewa Bagauda ya hau sarautar Kano a 999, Muhammadu Rumfa kuma ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kamar dai wani ya rubuta kwanan watan a ranar da abin ya faru. Gaskiyar magana ita ce, tsohon kundin tarihin sarakunan Kano tsawon mulkin kowane sarki ya bayar, sai aka lissafa shekarun miladiyya daga wannan tsawon, kamar yadda suka fito a fassarar da H. R. Palmer ya buga a 1908. Ke nan ƙiyasi ne mai daraja, amma dai ƙiyasi ne. Ina ganin wajibi ne a sa kalmar "wajen" a gaban irin waɗannan shekaru, ko a zana su da layi mai ɗigo-ɗigo, a bar miƙaƙƙen layi ga shekarun da aka tabbatar. Haka nan idan ana maganar jihadi da Daular Sakkwato, yana da kyau a haɗa shekarar hijira da ta miladiyya, tun da da ta hijira malaman wancan zamani suka yi rubutunsu: hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo daga Ɗegel zuwa Gudu ta auku a 1218, wato 1804, rasuwarsa kuma a 1232, wato 1817. A tuna cewa shekarar hijira ta gaza ta miladiyya da kimanin kwana 11, don haka ba a samun ɗaya daga ɗaya ta hanyar ƙara adadi guda a kowane lokaci.

Yanzu sai zaɓen siffa, kuma tambayar da ka fara da ita ce za ta zaɓa maka. Idan maganar jerin abubuwan da suka faru ce, layin shekaru ya dace, kuma tsaye ya fi kwance, domin daga sama zuwa ƙasa ake jan allon waya. Idan ka kwantar da shi kuma da ajami ka yi rubutun, to ka fara daga dama, yadda idon mai karatun ajami ya saba tafiya. Abin da aka fi sakaci da shi a layin shekaru shi ne tazara. A misalinmu na Zariya, tsakanin 1933 da 1939 shekara 6 ne, tsakanin 1945 da 1966 kuwa shekara 21 ne, don haka bai dace a ba su tazara iri ɗaya ba, domin ido yana gaskata nisa kafin ya karanta lamba. Idan kuwa kwatanta tsawon mulki kake so, sanduna sun fi komai. Ka zana sandar Sarkin Kano Abdullahi Bayero daga 1926 zuwa 1953, ka zana ta Muhammadu Inuwa wanda bai cika shekara ba a 1963, sannan ka zana ta Ado Bayero daga 1963 zuwa 2014, za ka ga yaro ɗan firamare ya gane bambancin kafin ka buɗe baki. Sharaɗin kawai shi ne kowace sanda ta tashi daga sifiri, kuma ma'auni ɗaya ya hau kan kowa. Tsarin karatu irin na shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babbar sakandare da 4 a jami'a kuwa, akwatuna huɗu da kibiya a tsakaninsu sun wadatar.

Taswira tana da tarkonta na musamman. Wanda zai nuna Daular Sakkwato kada ya ɗauko taswirar jihohin Nijeriya ta yau ya shafe Arewa duka da launi ɗaya, domin yin haka ƙarya ce ko da ba a rubuta kalma ko ɗaya ba. Borno ba ta cikin daular. Kabawan Argungu da Gobirawan Tsibiri da Katsinawan Maraɗi sun ci gaba da riƙe 'yancinsu. A ɗaya ɓangaren kuma, ƙasar Adamawa ta miƙa har Garwa da Ngaundare, waɗanda a yau suke cikin Kamaru, sannan Maratta inda aka haifi Shehu a 1754 tana cikin Jamhuriyar Nijar. Hanya mafi aminci ita ce a sa garuruwa da ɗigo, a nuna iyakokin ƙasashen yau da siririn layi mai dishi-dishi domin mai kallo ya gane inda yake, a kuma guji zana wa tsohuwar daula kaifin iyakar da ba ta taɓa samu ba.

Game da hotunan mutane, ra'ayina ba shi da sassauci. Shehu Usmanu ya rasu a 1817, ita kuwa fasahar ɗaukar hoto sai a 1839 ta fito fili a Faransa, saboda haka duk wani hoton kamara da aka ce nasa ne, ba nasa ba ne. Haka abin yake ga Sarauniya Amina ta Zazzau da Muhammadu Rumfa. Yanzu da manhajoji suke ƙirƙiro fuskoki cikin daƙiƙa kaɗan, jarabawar ta ƙaru, kuma yaron da ya ga fuskar bogi a zanen malaminsa zai girma da ita a ransa a matsayin gaskiya. Akwai abubuwa na haƙiƙa da za su cike gurbin: shafin rubutun hannu na ajami, Hubbaren Shehu a Sakkwato, hasumiyar Gobarau a Katsina, ganuwar Kano, ko bangon littafin da ake magana a kansa wanda ka ɗauka da wayarka. Idan zanen hannu ka sa, ka rubuta a ƙarƙashinsa cewa hasashen mai zane ne. Idan daga rumbun hotuna na intanet mai suna Wikimedia Commons ka ɗauko hoto, ka duba sharaɗin amfani da shi, ka kuma ambaci mai shi kamar yadda ya nema.

Kayan aikin ba su da wuyar samu. Manhajar tsara zane ta Canva tana aiki a waya, PowerPoint ma ya isa ga mai kwamfuta, kuma ba wannan ne yake bambanta zane mai kyau da maras kyau ba. Abin da ya fi ci wa masu rubutun Hausa tuwo a ƙwarya shi ne haruffa masu lanƙwasa. Salon haruffa da yawa ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga ɗan akwati ya fito a madadinsu, ko harafin ya canza kama ya fita daban a tsakiyar kalma. Wasu sai su haƙura su cire lanƙwasar, alhali "ƙasa" da "kasa" ba abu ɗaya ba ne, haka "ɓari" da "bari". Kafin ka fara aiki, ka rubuta "Ƙ ƙ Ɗ ɗ Ɓ ɓ" ka gwada salon da kake so. Noto Sans da Andika da Charis SIL duk suna ɗauke da su. Ka sa Hausa a cikin harsunan Gboard, wato manhajar madannan rubutu ta waya, domin haruffan su zo maka da sauƙi, kuma idan masu karatunka na Damagaram ko Maraɗi ne, ka tuna cewa a Nijar da ƴ ake rubuta abin da ake rubutawa da 'y a Nijeriya.

A wajen tsari, kanu ya faɗi abin da zanen ya gano, ba sunan fanni kawai ba. "Daga gasar 1933 zuwa NNPC: yadda Zariya ta zama cibiyar buga littattafan Hausa" ya fi "Tarihin Adabi" amfani nesa ba kusa ba. Launi biyu ko uku sun isa, kuma kowanne ya kasance da aikinsa, misali ɗaya ga littattafai, ɗaya ga hukumomi. Kada ka dogara da ja da kore kaɗai wajen bambance abubuwa, domin akwai mutanen da idonsu ba ya raba su. Na taɓa kai wani zane shagon kwamfuta domin a buga wa ɗalibai, da takardar ta fito baƙi da fari sai jan da koren suka koma toka iri ɗaya, na tsaya da biro ina rubuta suna a kan kowace sanda, kwafi bayan kwafi. Tun daga ranar nake rubuta suna a jikin kowace sanda tun a wajen tsarawa, ina kuma gwada buga kwafi ɗaya kafin in raba. Girman fiksel 1080 a faɗi da 1350 a tsayi ya dace da Facebook da Instagram, 1080 da 1920 kuma ya dace da sitatus. WhatsApp yana matse hoto har ƙananan haruffa su dushe, don haka idan malamai za ka aika wa domin su buga, ka tura shi a matsayin fayil.

A can ƙasan zanen ka bar siririn wuri domin abubuwa uku: inda ka samo bayanin, da sunan littafin da marubucinsa, ba "intanet" kawai ba, sunanka ko na makarantarka, da watan da aka tsara shi. Kafin ka sake shi, ka miƙa wayar ga wanda bai san batun ba, ƙanenka ko wata ɗaliba, ka yi shiru na rabin minti, sannan ka karɓe ka tambaya me aka fahimta. Idan ka ga ana buɗa allon da yatsu biyu domin a karanta, haruffan sun yi ƙanana. Idan amsar da aka ba ka ba ita ce ta tambayarka ta farko ba, ka koma ka rage kaya. Daga nan ka nuna wa wanda ya fi ka sanin fannin, domin shi ne zai ga shekarar da ta zame. Idan duk da haka kuskure ya fita, ka gyara, ka rubuta "bugu na biyu, an gyara shekarar kaza" a jikin sabon hoton inda kowa zai gani, sannan ka bi duk zaurukan da ka tura na farkon ka ajiye sabon, tare da roƙon a goge tsohon.