Yadda za ka auna albashinka da bashin da ke kanka kafin neman lamunin gida

Ma'aikata da yawa a Gombe ana cire musu kashi 2.5 cikin 100 na albashi zuwa asusun gidaje na NHF, wanda FMBN, bankin lamunin gidaje na gwamnatin tarayya, ke kula da shi. Wanda ya yi wata 6 yana zubi ya cancanci neman lamuni da ruwa kashi 6 cikin 100, a biya har tsawon shekara 30. Amma cancanta daban, adadin da za a ba ka daban.

Fara da takardar albashinka ta watannin baya-bayan nan. Dubi abin da ke shiga hannunka bayan haraji da fansho, ka raba shi uku. Kashi ɗaya shi ne iyakar abin da aka yarda a riƙa cira don biyan bashi.

Sai ka zo wurin da mutane suka fi faɗuwa: tsohon bashi. Rubuta duk abin da ake cire maka, na babur, na ƙungiyar ma'aikata, na bankin da ya ba ka rance kan albashi, har na manhajojin waya. Ka ce naira 150,000 kake karɓa. Kashi ɗaya cikin uku 50,000 ne, wanda a shekara 30 zai ɗauki lamunin wajen miliyan 8. In ana cire maka 20,000 na wani bashi, saura 30,000, lamunin ya sauko wajen miliyan 5. Tsohon bashin ya cinye maka wajen miliyan 3, wannan kuwa abin takaici ne. Kada ka ɓoye komai, domin banki na bincike a kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane, irin su CRC ko FirstCentral, da lambar BVN ɗinka.

Lissafa kuma shekarun da suka rage maka a aiki. Mai shekara 45 da zai yi ritaya a 60, wannan 30,000 ɗin miliyan 3 da rabi kawai za ta samo masa.

Shawarata, biya ƙananan basussukan tukuna, ka karɓi takardar shaidar kammalawa, ka daina cin sabo. Ɗan kasuwa ya riƙa zuba cinikinsa a asusu, don bayanan asusun su ne shaidarsa. Mai gudun kuɗin ruwa da zai nufi banki irin Jaiz, shi ma za a auna samunsa da bashinsa.

Daga nan ka haɗa takardun fili daga GOGIS, hukumar da ke kula da filaye ta jihar Gombe, ka miƙa buƙatarka ta bankin lamunin gidaje da FMBN ya amince da shi.