Ƙararrawar na'urar awon suga

'Yan uwa masu manna na'urar awon suga a damtse, kada ku bar ƙararrawar faɗuwar suga a 70 mg/dL (ma'aunin suga a jini) cif, ku ɗaga ta zuwa 80. Ruwan ƙarƙashin fata take aunawa, ba jini ba, shi ya sa takan makara da kamar minti 10.

In ta yi ƙara da tsakar dare, ku duba ko kan hannun kuka kwanta. Danne ta yakan sa ta yi ƙaryar cewa suga ya faɗi, ni sau biyu tana tashina a firgice a banza. Ku soki yatsa ku tabbatar. Amma in ga gumi ga karkarwa, a sha babban cokali 1 na zuma tukuna, a sake awo bayan minti 15.