Yadda na gyara jigogin da suka zama maimaicin tambayoyin hira

Bayan na rubuta hirarrakin da na yi da ɗalibai don bincikena kan fargabar jarrabawa, jigogin (wato manyan ma'anonin da ke maimaituwa a maganganunsu) da suka fito ba su wuce tambayoyina ba: "dalilan fargaba", "hanyoyin jurewa". Wannan tara amsoshi ne kawai, bai kai nazari ba. Ƙara yawan waɗanda aka yi hira da su bai canza komai ba, haka ma komawa manhajar NVivo, domin ita ajiya da tsarawa take yi.

Tsarin nazarin jigo da masu bincike biyu, Braun da Clarke, suka wallafa a 2006 ne ya warware matsalar. Na cire tambayoyina daga kwafin aiki, na sake karanta kowace hira ina sauraron muryar, saboda shiru da sassauta murya ba sa fitowa a takarda. Sannan na yi wa maganganun lakabi layi-layi, kowane lakabi gajeriyar jimla mai ma'ana: maimakon "iyaye" sai "tsoron ba iyaye kunya". Nan ne gyaran yake, don kalma ɗaya ba ta nuna abin da mutum yake nufi. Na buga lakaban, na yanka, na haɗa masu ma'ana ɗaya ko daga wace tambaya suka fito. Duk jigon da ba zan iya faɗinsa da jimla ɗaya ba na rushe shi.

A rubutu, kowace magana da na ɗauko tana da sunan aro, bayanina na biye da ita. Alhamdu lillahi, na gode wa mai duba aikina.