Hadda kaɗai ba ta kai ka a darar Turawa

Ƴan uwa, salamu alaikum. Jiya a fadarmu nan Yamai, ƙanena ya zo da haddar buɗe wasa har taku 12. Abokin karawarsa ya kauce a taku na 5, sai yaron ya tsaya cak, hannu kan doki, ya rasa inda zai ajiye shi. Wallahi abin ya taɓa ni.

Duk takun da kuka haddace, ku tambayi kanku wane gida yake tsarewa, me yake kai wa hari. Sannan ko sau ɗaya a mako ku gwada Chess960, wani salon darar Turawa wanda tsohon zakaran duniya Bobby Fischer ya fito da shi a 1996. Ana hargitsa jeren baya na ƴaƴan dara kafin a fara wasa, dole mutum ya yi tunani tun takun farko. Akwai shi kyauta a Lichess, shafin buga darar Turawa a intanet.