Yadda ake lissafa bashin manomin Amurka na 1870 zuwa 1896 don gane dalilin borensa

Mai son fahimtar abin da ya tunzura manoman Amurka har suka kafa jam'iyyarsu ta People's Party a 1892, ya fara da littafin bashin mai kanti kafin ya je ga jawaban 'yan siyasa. Lissafin ba shi da wuya, biro da takarda sun isa, amma sai an bi shi daki-daki.

Fara da ma'auni. Ana sayar da auduga ne a laba, kuma laba ɗaya gram 454 ce. Dilar auduga tana kai wajen laba 500. Alkama kuwa da ma'aunin bushel ake auna ta, wato laba 60, kusan kilo 27. Dala ɗaya senti 100 ce.

Daga nan sai ka mayar da bashin zuwa amfanin gona, kada ka bar shi a dala. Ɗauka manomi ya ci bashin dala 200 lokacin da laba take senti 10, kamar yadda take a farkon shekarun 1880. Laba 2,000 zai sayar ya biya, dila 4 ke nan. A 1894 farashin ya faɗi ƙasa da senti 5, don haka wannan bashin ya koma cin sama da dila 8, alhali a takarda ko senti bai ƙaru ba. Haka alkama: bushel ɗaya ya wuce dala ɗaya a 1881, ya dawo wajen senti 50 a 1894. Wani ɓangare na faɗuwar daga yawan noma ne a duniya, wani kuma daga ƙarancin kuɗi a hannun jama'a, musamman bayan dokar 1873 ta daina buga dalar azurfa, aka jingina kuɗin ƙasa da zinariya. Wannan layin ne yake bayyana kiran da manoman suka yi na a buga kuɗin azurfa a kan 16 da 1, wato awo 16 na azurfa ya zama daidai da awo 1 na zinariya.

Mataki na gaba shi ne ya fi bukatar natsuwa. A jihohin Kudu bankuna sun yi ƙaranci bayan yaƙin basasa, sai mai kanti ya zama bankin ƙauye. Yana ba manomi garin masara, naman alade mai gishiri, yadi da taki, shi kuma manomin ya sa hannu cewa audugar da bai ma shuka ba jingina ce. Ya yi kama da bashin da ake ci da bazara a biya da kaka, sai dai wannan doka ce ta tsaya masa. Kaya ɗaya yana da farashi biyu: na kuɗi hannu da na bashi. Ɗauka buhun da ake sayarwa dala 1 an rubuta shi dala 1 da senti 30. Mutane da yawa a nan suke kuskure, su ce kuɗin ruwan kashi 30 ne cikin ɗari. Ai ba shekara guda bashin yake yi ba. Idan an karɓi kayan a Afrilu aka biya a Oktoba, wata shida ne, sai ka ninka biyu, ya zama kashi 60 a shekara. Idan audugar ba ta rufe bashin ba, ragowar tana tsallakawa baɗi, kuma manomin ba shi da damar komawa wani kanti tunda amfaninsa a jingine yake. Mai kanti auduga yake so a shuka, domin ita ce ba ta ruɓewa kuma ba a cinye ta a gida. Ƙarin audugar kuma ya sake karya farashi.

Ga manomin Kansas ko Nebraska, canza layukan: jinginar gona, kuɗin inji, ladan sito da kuɗin jirgin ƙasa, sannan ka saka farin da ya fara a 1887. Kula da wani tarko: kuɗin dakon jirgi gaba ɗaya ya yi ta raguwa a wannan zamanin. Kukan manoma a kan bambanci ne. Garin da layin dogo ɗaya ya ratsa yakan biya fiye da babban birnin da kamfanoni ke gasa, ko da tafiyarsa ta fi gajarta. A 1889 wasu a Kansas masararsu suka riƙa ƙonawa a murhu saboda ta fi kwal araha.

Yanzu sai ka ɗora kowane yunƙuri a kan layinsa. Ƙungiyar Grange, wadda Oliver Kelley ya kafa a 1867, ta matsa jihohi suka yi dokokin ƙayyade ladan sito da jirgi, Kotun Ƙoli ta amince a shari'ar Munn ta 1877, ta rage ƙarfin jihohi a shari'ar Wabash ta 1886, sai gwamnatin tarayya ta yi tata dokar a 1887. Ƙungiyar Farmers' Alliance ta Texas ta buɗe cibiyar saye da sayarwa ta haɗin gwiwa a Dallas a 1887 ƙarƙashin Charles Macune. Mambobi suka haɗa takardun lamuni don a sayo musu kaya a sari, bankuna suka ƙi karɓa, cibiyar ta durƙushe cikin shekara biyu. Matsalar jari ce, kuma ita ta tura su neman gwamnati ta zama mai ba da rance.

Gwada shirin Macune da alkalami. Manomi ya ajiye amfaninsa a siton gwamnati, a ba shi rancen kashi 80 na darajarsa, ruwan bai wuce kashi 2 a shekara ba. Dila ɗaya a senti 8 dala 40 ce, rancen dala 32, ruwan wata shida senti 32. A wurin mai kanti, ƙarin kashi 30 a kan dala 32 ya kai dala 9 da senti 60. Majalisa ba ta taɓa zartar da shirin ba.

Kada ka haɗa manoma duka a shafi ɗaya. Baƙar fata mai noman raba-daidai yana miƙa rabin amfaninsa ga mai gona kafin a zo batun kanti, kuma ƙungiyarsu, wadda aka kafa a 1886, daban take da ta farare. Wannan rarrabuwa, haɗe da maguɗi da tsoratarwa a Kudu, ta rage ƙuri'un jam'iyyar. Ɗan takararta na shugaban ƙasa, James Weaver, ya samu ƙuri'a sama da miliyan ɗaya da wakilai 22 a majalisar masu zaɓen shugaban ƙasa a 1892. A 1896 suka mara wa ɗan takarar jam'iyyar Democrat, William Jennings Bryan, baya a kan batun azurfa, aka ajiye shirin sito gefe, William McKinley ya ci zaɓen.