Yadda ake haɗa wasa da baƙon mai tsara kiɗa

Ƙungiyoyin makaɗa da yawa suna shan wahala da baƙon mai tsara kiɗa, kuma matsalar tana farawa ne tun kafin ya iso. Sai ya zo da aiki gamamme a takarda, wanda ya tsara don kayan kiɗan da ba ku da su. Saboda haka, kamar wata guda kafin zuwansa, ku naɗi kiɗan kowane mutum shi kaɗai a waya, ku tura masa. Ku gaya masa wa ke karanta rubutun kiɗa, wa ke kamawa da kunne. Kada kunya ta sa ku ɓoye mai rauni, ranar bita asiri zai tonu.

Ranar farko kada a buɗe takardarsa. Ku buga abin da kuka saba, shi kuma ya zauna ya saurara.

Sai daidaita sauti, kuma a nan ne aiki ke lalacewa. Fiyano da kibod ana saita su ne bisa ma'aunin da aka fi bi a duniya, wato sautin da ake kira A a kan 440 Hz (girgiza 440 a cikin sakan ɗaya). Jita da goge ba su da damuwa, a ja tsirkiya ko a sassauta, su bi. Amma sarewar da aka ƙera da hannu, ramukanta suna nan inda aka huda su, ba ta gusawa sai ɗan kaɗan. Sababbin shiga sai su matsa wa mai sarewa ya gyara. Ka gan shi yana karkata leɓe, yana rufe rabin rami da yatsa, numfashi na yanke masa a tsakiyar baiti, baƙo kuma yana yamutsa fuska yana zaton rashin ƙwarewa ne. A wurina doka ɗaya ce: kayan da ba ya saituwa shi ake bi. Mai sarewa ya busa sautinsa na tushe ya riƙe, a auna da manhajar saita sauti ta waya (ba sai an sayi na'ura ba), sannan a ɗaga kibod ko a saukar da shi zuwa wurin. Yawancin na lantarki suna da madannin yin hakan. Fiyanon katako kuwa sai an kira mai saiti, gara a bar shi. Bayan an ɗan jima ana bugawa a sake aunawa, domin abin busa sautinsa na hawa idan ya ɗumama, fatar ganga kuma tana saki idan da damshi.

Ƙirga ma a warware ta da wuri. Baƙo yana ƙirga ɗaya zuwa huɗu a takarda, mai ganga kuwa zagayen bugu yake ji a jikinsa. Ku tafa tare har ku yarda a kan inda zagayen ke farawa. Shiga da tsayawa kuma mutum ɗaya ya ba da alama, na fi son babban mai ganga, don kowa na jin sa.

Ku naɗi kowace bita, ku saurara kafin ta gaba. Ku rubuta yarjejeniya a kan sunan wa zai fito a jikin aikin da wa ke da ikon sake buga shi bayan baƙo ya tafi. Kwana biyu kafin wasa a daina canza komai. Ranar wasa ku gwada makirufo a kan dandamalin, masu busa nesa da ganguna, mai ba da alama a inda kowa zai hango shi.